Yarana sun haddace katekisma, amma ma'anar ta gagare su

Malamin makarantar Lahadi, Kafanchan

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekara uku ke nan ina riƙe da ajin yara 'yan shekara 8 zuwa 12, kuma sun haddace Dokoki Goma, da Addu'ar Ubangiji, da Shaidar Bangaskiya, har iyayensu suna yaba mini. Ranar Lahadin da ta wuce wata yarinya ta kawo dokar da ta hana shaidar zur ba tare da tuntuɓe ba, amma da na tambaye ta mene ne shaidar zur, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwalinta, daga bisani ta ce wata irin sata ce. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Shin in bar hadda in koma ga labaran Littafi Mai Tsarki kaɗai, tun da yake lokacin da ake ba mu bai wuce minti 40 ba?

Dattijon ikilisiya, Numan

Malam, kada ka yar da hadda, domin ba ita ce mai laifin ba. A ikilisiyarmu ta Lutheran da Ƙaramin Katekisma na Martin Luther aka rene mu, wato ɗan littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa. Ya wallafa shi a 1529, bayan ya zaga ikilisiyoyin ƙauyukan Saksoni a ƙasar Jamus ya tarar da jama'a, har da wasu fastoci, ba su san tushen bangaskiyarsu ba. Abin lura shi ne, bayan kowace doka ya kan sa tambaya a kan ma'anarta, sannan ya ba da gajeren bayani, wanda shi ma ake haddacewa. A kan dokar da ta ba yarinyarka wuya, bayanin bai tsaya ga ƙarya a gaban alƙali ba, ya haɗa da ɓata sunan maƙwabci da cin amanarsa, ya kuma umarce mu mu kāre shi, mu faɗi alheri a kansa. Ka ga ke nan rabin aikin aka yi a ajinka, saura rabi.

Akwai kuma abin da muka manta. Luther ya tsara littafin ne domin maigida ya koyar da iyalinsa, daidai da umarnin Maimaitawar Shari'a 6:7, inda aka ɗora wa iyaye nauyin koyarwa a zaune a gida da kuma a kan hanya. Mu kuwa mun tattara kayan duka mun aza wa malami guda, sa'an nan muna mamakin yadda ya gaji.

Uwa daga Zumuntar Mata, Jos

Baba ya faɗi gaskiya game da iyaye, kuma na karɓi nawa rabon laifin. Sai dai ina ganin matsalar harshe ta fi abin da muke zato girma. 'Ya'yana suna karatu da Turanci, suna wasa da Hausar kasuwa, kakarsu kuma tana yi musu magana da Birom. Kalmomi irin su fansa, da barata, da tsarkakewa, ba sa jin su ko'ina sai a majami'a, ita ma kalmar zur haka take. Da ɗana ya tambaye ni fansa, sai na tuna masa ranar da akuyarmu ta shiga gonar wani aka kama ta, mahaifinsa ya biya kafin a sake ta. Tun daga ranar bai ƙara ruɗewa ba, ko da yake na sani misalin bai kai zurfin abin da Almasihu ya yi a kan gicciye ba.

Katikis, Kontagora

Malam, a wurinmu na Katolika yaro ba ya karɓar Jibin Ubangiji na farko sai ya bi ajin katekisma an kuma gwada shi, saboda haka na sha ganin abin da ka gani. Shawarata ita ce ka rage yawa. Katekisman Heidelberg na 1563, wanda ba namu ba ne, na Furotesta ne daga Jamus, yana da tambayoyi 129, amma an rarraba su a kan Lahadi 52, wato biyu ko uku a mako, ga shi kuwa manya ma da shi ake koya musu. Ka ɗauki tambaya guda, ka fara da labarin da ya dace da ita, kamar yadda Yezebel ta sa shaidun ƙarya suka tsaya a kan Nabot saboda gonar inabinsa a 1 Sarakuna 21, sa'an nan ka kawo dokar su haddace. Kafin a tashi, kowane yaro ya faɗe ta da nasa kalmomin, ko da a yarensu ne.

Malamin makarantar Lahadi, Kafanchan

Na gode, Baba, Mama, da Malam Katikis. Lahadi mai zuwa da labarin Nabot zan fara, kuma na riga na roƙi Fasto ya ba ni minti biyar a lokacin sanarwa domin in gaya wa iyaye tambayar makon, su maimaita ta da yaran a addu'ar dare.