Yarinyata kullum a sume da barci nake ɗauko ta daga gidan raino, ko wani abu suke ba ta?

Uwar ɗiya, Malali:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wallahi abin nan ya hana ni sukuni. Ni ma'aikaciyar gwamnatin jihar Kaduna ce, na gama hutun haihuwa na wata shida na koma aiki, Mama tana Zariya ga ciwon ƙafa, ƙanwata da ke taya ni kuma ta koma makaranta, to dole na kai yarinyar wani gidan raino. Yanzu watanta takwas. Sati biyun farko kuka take kamar ranta zai fita, antin wajen har tana min ƙorafi wai ta cika rigima. Kwatsam sai kukan ya ɗauke, na ce alhamdulillahi ta saba. Amma tun daga nan duk ranar da na je ɗaukarta wajen biyar da rabi barci take, kuma ba irin barcin da na sani ba, in na ɗaga ta sai wuyan ya langaɓe, in na ba ta nono ta kama ta saki. Juma'a da Asabar da Lahadi da nake gida kuwa ras take, rarrafe ko ina, har sai na gaji da bin ta. Jiya na ga wani jan abu mai danƙo a wuyan rigarta yana ƙamshin zaƙi kamar sirof, na tambaya aka ce zoɓon wani yaro ne ya zube mata. Baban ta ya ce kar in zargi mutane ba hujja. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya zan yi?

Nas, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Ƴar uwa ki ajiye maganar hujja tukuna, asibiti za ki fara kai ta, kuma ranar da kika ɗauko ta a wannan halin za ki kai ta ba sai ta wartsake ba, don likita ya ga abin da idonsa. Ki tafi da rigar, kar ki wanke. Yawan barci a jariri zai iya zama maleriya ko wata cuta, zai kuma iya zama magani, irin su Piriton da wasu sirof na mura da tari suna sa barci sosai kuma ba a ba ɗan wata takwas sai likita ne ya rubuta, don in ya yi yawa numfashi yake taɓawa. In kin ga ta ƙi tashi duk yadda kika motsa ta, ko numfashin ya yi ƙasa, ko leɓenta ya canza kala, ko jijjiga, to ko tsakar dare ne ki kama hanyar asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho ko duk wanda ya fi kusa da ke.

Sannan ki tambaye su yadda suke kwantar da jarirai. A rigingine ake kwantar da su, ba rub da ciki ba, ba filo ba tarin zannuwa kusa da fuska. Nonon da kike tatsa ki bar musu ma, in ba firij kar ya wuce awa huɗu, balle da zafin da ake yi yanzu. Zuma kuma a'a sai ta cika shekara, ko da an ce don tari ne.

Na taɓa aikin raino, Kawo:

Maman yarinya bari in faɗa miki daga ciki, don na yi wannan aikin kafin in yi aure. Ba zan ce ana ba ɗiyarki magani ba tunda ban gani ba, amma ba a banza hankalinki ya tashi ba. Inda na yi aiki mu biyu ne a kan yara sun fi ashirin, bakwai a ciki ko zama ba su fara ba, wannan na kuka wancan ya yi kashi wancan na jan wayar fanka, ga albashin bai taka kara ya karya ba, mai wajen kuwa in dai uwa ta zo da kuɗi ba ta taɓa cewa wuri ya cika. A irin wannan gajiyar ce mara tsoron Allah take neman abin da zai sa ɗaki ya yi tsit.

Ki daina dogara da zuwan safe da na yamma, lokacin an share an fesa turare an shirya miki fuska. Ki nemi izini a ofis ki faɗo musu da sha ɗaya ko sha biyu ba tare da kin kira ba. Ki ƙirga yara ki ƙirga manya. In kika tarar da jarirai goma duk suna barci lokaci ɗaya ba mai ko motsi, ki tsaya ki duba kan taga da saman kabad. Ki leƙa banɗaki. Ni abin da har yau ba ya barin raina bokiti ne, ruwan bai kai rabi ba, na juya in ɗauko famfas kawai, ina waigowa na ga ƙafafun yaro ɗan shekara ɗaya da ƴan watanni a sama kansa a ciki, ko ƙara bai yi ba. Allah ya sa na fizgo shi da wuri ya yi ta tari yana amayar da ruwa, ni kuma na zauna a ƙasa jikina yana rawa har aka tashi. Daga ranar ban ƙara barin ruwa a buɗe ba ko a gidana. Ki duba soket, ki duba inda janareto yake ko hayaƙin yana shiga ɗakin, ko akwai kananzir ko fiya-fiya a gorar lemo, ko manyan yara suna cin gyaɗa da alewa kusa da masu rarrafe.

In suka ce iyaye ba sa wuce ofis, ki ɗauki ɗiyarki a ranar.

Baban yara uku, Barnawa:

Hajiya ki gaida maigidan, ki ce masa tambaya ba zargi ba ce, kuma ya fi kyau ku je tare. Mu maza mun cika bar wa mata wannan ɗawainiyar. Ni abin da nake fara tambaya shi ne su waye ke shiga inda yaran suke, maigadi, direba, samarin gidan mai makarantar, da kuma wa aka yarda ya ɗauki yaro in an tashi, akwai rajista ko kowa ya zo ya ce ni kawunsa ne sai a miƙa. Yarinyar nan Hanifa ƴar shekara biyar da aka sace aka kashe a Kano, wadda labarinta ya fito a farkon 2022, ai mai makarantar da take zuwa ne da kansa ya aikata. Kuma in ta tabbata kar ku cire taku ku yi shiru, sauran yaran fa? Jihar nan tana da dokar kare yara tun 2018, ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a da mata da yara tana karɓar irin wannan ƙorafin. In kuma, Allah ya kiyaye, wata ta ga alamar an taɓa mata yaro ta wata hanyar, akwai cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko lalata, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri.

Wata uwa, Rigasa:

Ni dai shi ya sa ban yarda a kawo min ƴar raino ƴar shekara goma daga ƙauye ba duk da ana ta ba ni shawarar, ita ma ai yarinya ce mai buƙatar a kula da ita. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu nake bar wa nawa, muna biyanta, ƙofarta a buɗe take duk lokacin da na ga dama. Ki duba unguwarku ko za a dace.

Uwar ɗiya, Malali:

Na gode ƙwarai, Allah ya raya mana su. Laraba da yamma mun kai ta asibiti ni da baban ta, an yi gwajin maleriya babu, likitan ya ce kar a mayar da ita wajen kuma mu dawo da ita ya sake dubawa. Jiya sha biyu saura na je ba sanarwa in kwaso kayanta. Anti ɗaya na tarar, ɗayar wai ta je kasuwa, yara goma sha huɗu a kan katifa biyu, uku ne kawai idonsu biyu. A kan taga akwai kwalbar sirof saura kwata da cokali ɗaya. Ta ce wata uwa ce ta kawo wa ɗanta, na ce wane yaron, ta yi shiru. Na ɗauki hoton kwalbar. Mama za ta zo ta riƙe min ita sati biyu kafin mu samu wata mafita. Ina da lambar iyaye biyu kuma daren nan zan kira su. Baban yara uku, dan Allah in za mu je ma'aikatar ranar Litinin, a rubuce ake kai ƙorafin ko da baki, kuma mu tafi da takardar asibitin?