Wai ana barin mutum ya yi farauta a Yankari?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Maigidana a kasuwa ya ga hoton wani Bature a waya, ya durƙusa gefen ɓauna da bindigarsa, wai a Tanzaniya. Yanzu ya dage sai mun je Yankari shi ma ya harbo tasa. Ana yarda kuwa?

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam yaro. Ka ce wa Alhaji ya ajiye bindiga, Yankari kallo ake zuwa yi. Can Tanzaniya ma sai da lasisi, da dala ake biya. Tun asuba ake fita, masu bin sawu a gaba, ana tafe a ƙasa ana lura da iska kada dabba ta jiyo warin mutum. Sau da yawa har la'asar ba a yi harbi ba. Ɓauna kuwa in ta ji rauni ta shige ciyawa, to a nan ake rasa rai.

'Yar Fagge: Kenya ma ta hana farautar tun 1977. Ku je Yankarin ku yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki kawai, amma ku riƙe ledar abincinku da kyau, biran wurin ba su da kunya.

Ɗan Kwari: Na gode Baba. To amma wa zai faɗa wa Alhaji? Ni dai a shagonsa nake cin abinci.