"Ba a cinikin biri a sama": har da kuɗin waya?

Abban Sadiƙ: Salamu alaikum jama'a. Jiya rigima ta kaure a shagonmu tsakanin maigidana da ƙaninsa. Yaron ya sayar da babur ɗinsa ya zuba kuɗin a kirifto, wato kuɗin intanet da ake saye da sayarwa ta waya, Alhaji ya ce masa ba a cinikin biri a sama. Sai yaron ya ce ai naira ma biri ce a sama, takarda ce da babu zinare a bayanta, yardar mutane kawai ke riƙe da ita. Maganar ta tsaya mini a rai. Karin maganar ta hau kansa ko ba ta hau ba?

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Ta hau. Abin da malaman fiƙihu ke kira garari ke nan, wato cinikin abin da ba tabbas za a iya miƙa shi, misalinsu ma tsuntsu a sama da kifi a ruwa. Amma a lura, ba rashin ganin kaya ne laifin ba. An halatta ka biya kuɗin hatsi yau a kawo maka da kaka, in an faɗi mudu nawa da ranar kawowa.

Ɗan Wapa: Allah gafarta Malam, to ai yaron yana iya miƙa nasa cikin minti ɗaya. Mu da muka kwana a layin banki a farkon 2023, kuɗinmu na ciki amma ba mu iya taɓa shi, mai POS na yankar rabonsa, wane ne birinsa ke sama?

Hajiya Maman Iman: Kun tuna mini da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Canjin kuɗi na 1984 ya same ta da ribar shekaru a ƙulle cikin tsumma, a ƙasan wata tukunya a bayan gado. Kwanaki kaɗan aka bayar, ƙauyensu ba banki, kafin labari ya iso ta sami mai kai mata birni an rufe. Takardun nan har muka girma suna nan, muna wasan 'yar kasuwa da su. Daga ranar ba ta ƙara ajiye takarda ba. Ta samu, sai ta sayi tunkiya, ko kwalla, ko ta zuba gero a rumbu. 'Yar Fulani ta kawo nono, ta auna mata gero, an yi furfure an rabu lafiya. In an ce Inna ki buɗe asusu, sai ta ce tunkiyarta ba a canza mata launi daga Legas.

Ɗan Wapa: Allah ya jiƙan Inna. Da ita aka ba Babban Banki da yanzu muna cin tuwo sau uku.

Maraɗi Ɗaya: Amin. Mu ma a Nijar mun gani a Janairun 1994, aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Amma Hajiya, tunkiya ma tana mutuwa, fari na cinye rumbu. Kuma ayarin da ke kai gero Bilma su ɗauko gishiri da dabino, ba ni gishiri in ba ka manda ne, amma ba za ka biya kuɗin asibiti da kantun gishiri ba.

Injiniya Kabiru: Ni a ganina ƙasa mai fetur da zinare da ƙasar noma bai kamata ta bar talaka a hannun kasuwa ba. A raba albarkatu bisa buƙata. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira, wa kasuwar ta tausaya wa?

Abban Sadiƙ: Injiniya, wa zai raba ɗin? Waɗanda ke zuwa da taliya da atamfa duk bayan shekara huɗu?

Ɗan Wapa: Su ne ma manyan dillalan biri. Sun sayar mana da shi tun yana sama, mun biya da ƙuri'a, har yau ko wutsiyarsa ba mu gani ba.

Malam Na Zaure: A dawo kan magana. Ni dai na fi jin ta a maganar aure, a ce kada a karɓi sadakin yarinyar da ba a ji ta bakinta ba.

Hajiya Maman Iman: A wajenmu kan bashi ake faɗinta, Malam, mai cin kuɗin amfanin gonar da bai shuka ba.

Maraɗi Ɗaya: Kafin a watse, wanda ke kusa da Dawanau ya faɗa mini nawa buhun gero yau, akwai mai son saye da sefa.