Kwana a Suleja, aiki a Abuja: waɗanda suka yi, ku ba ni labari

Baƙo daga Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuma kuɗin hayar da na ji ana kira a Wuse da Garki ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Wani abokin aiki ya ce in nemi gida a Suleja. Ina da mata da yara uku. Don Allah wanda ya zauna can yana zuwa aiki Abuja ya faɗa mini daɗin abin da wuyarsa.

Ɗan Kwamba: Wa alaikumus salam. Shekarata tara ina wannan zirga-zirga, kuma abin da na koya shi ne lokacin fitarka ne ke yanke maka yadda yininka zai kasance. In na idar da asuba na kama hanya, sai in wuce Madalla dutsen Zuma bai gama fitowa daga hazo ba, in ratsa Zuba da Dei-Dei, in hau titin Kubwa, in isa ofis hankali kwance. In na yi jinkirin rabin awa kuwa, a Zuba zan tarar da tireloli da tankokin mai da motocin lemo da ayaba sun cushe hanya. Ranar kasuwar Madalla ma sai haƙuri. Mu huɗu muka haɗa kai a mota ɗaya, kowa da makon da zai zuba mai, da haka muke samun sauƙi. Amma malam, kafin ka yi murnar arahar haya, ka ɗauki biro ka lissafa kuɗin mota na wata goma sha biyu ka ɗora a kai.

Maman Biyu: Yaya, ni ta ɓangaren uwargidanka zan yi magana, don ita ce za ta yini a garin. Cefane ya fi na Abuja sauƙi ƙwarai. A kasuwar IBB ba abin da ba za ta samu ba, doya kuwa daga gonakin Gwari take zuwa, da ƙasarta a jiki. Maƙwabta akwai zumunci, za ta ji Hausa ko'ina kamar tana Kano, ga Islamiyya a kowace unguwa.

Abu biyu dai kada ku yi wasa da su. Na farko ruwan sha. Ku tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko rijiyar gidan tana kaiwa watan Maris. Gidanmu na farko a kan tudu yake, ƙasan duk dutse, da rani ya tsananta sai 'yan garuwa, su ma ba sa son turo kura zuwa sama sai an ƙara musu kuɗi. Na biyu ruwan sama. Garin a gindin duwatsu yake, kogin Iku ya ratsa shi, duk ruwan da ya sauka a tsaunuka cikin gari yake gangarowa. Da muka gudu daga tudu muka koma kwari, wani dare cikin damina na farka na sa ƙafa ƙasa na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Takalman yara suna yawo a tsakar ɗaki, buhun shinkafa ya jiƙe. A kan gado muka zauna rungume da yara har gari ya waye. Tun daga ranar, in na shiga duba gida, gindin bango nake fara kallo, in da layin da ruwa ya bari ba na ko tambayar kuɗi.

Dattijon Bakin Iku: Ɗana, barka da zuwa tun kafin ka iso. Ni a nan aka yanke mini cibiya, kuma ina yaro sunan garin nan Abuja. Haka ake rubutawa a bayan ambulan in za a aiko wa mahaifina wasiƙa. Asalinmu Zazzagawa ne. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu, bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa wannan gari a 1828, duwatsun nan da kuke kuka da su su ne suka zame masa garkuwa. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Zazzau ake ce masa. Da gwamnatin Murtala ta tsai da shawarar sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan aka ba birnin, aka yanki ƙasa mai yawa ta masarautar, mu kuma muka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Raina yana sosuwa in na ji ana kiran garin nan wurin kwanan ma'aikata kawai. Ciro naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke gina tukunya Ladi Kwali ce, a nan ta yi aiki tun daga 1954, a makarantar tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe. Muna yara mukan leƙa mu ga yadda take zagaya tukunya tana ɗaga yumɓu da hannu, tana zana ƙadangare da kifi a jikinta. Dutsen Zuma da ke kan naira 100 kuma shi za ka riƙa wucewa safe da yamma. In ka zo ka kai yaranka su ga fada, su san inda suke zaune.

Mai Shago a Maje: Ni rusau ne ya koro ni daga wata unguwa a gefen Abuja, da katifa da buhun kaya na sauka. Yau ina da shago da ɗan fili. Direbobin tanka da ke jiran lodi a defon mai su ne rabin cinikina. Wuta dai ba ta zama, sai na sa sola kafin firij ya yi mini amfani.

Ɗan Kwamba: Na manta abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Daga Litinin zuwa Juma'a ina fita yara na barci, in dawo bayan isha'i sun yi barci. Ƙaramar 'yata sai da ta yi wata biyu tana tafiya kafin in ga takunta da idona. Yanzu Asabar ba na karɓar gayyatar kowa.

Baƙo daga Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in sha Allah za mu je fada. Maman Biyu, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce ba za a biya ko sisi ba sai ta zo ta duba gindin bango da kanta. Za mu shigo ranar Asabar. Tsakanin Kwamba da Madalla, ina ya fi dacewa mu fara dubawa?