Alhaji ya miƙo mini mukulli ya ce ni ne HR: CIPM zan fara ko mastas?

Ɗan Sharaɗa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ina aiki a wata masana'antar robobi a nan Kano, masu yin bokiti, buta, kujeru da kwanduna. Shekarata huɗu a ofis, aikina buga takardu, rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, sai sayo dizal idan ya ƙare. Sosiyoloji na karanta. Bayan ƙaramar salla dattijon da ke riƙe da sashen ma'aikata ya ajiye aiki saboda ciwon ido. Alhaji ya kira ni, ya miƙo mini mukullin wata tsohuwar kabad ta ƙarfe, ya ce daga yau kai ne HR, wato mai kula da sashen ma'aikata. Ƙarin albashin dubu ashirin ne, kada ku ce na ɓoye.

Da na buɗe kabad ɗin sai jikina ya yi sanyi. Mutum 143 muke biya albashi, fayil 61 na tarar. Wani fayil ɗin hoto ɗaya ne a ciki da kwafin takardar firamare. Har da na wani bawan Allah da ya rasu tun kafin korona.

A sati na uku inji ya datse wa wani yaro yatsu biyu a aikin dare. Alhaji ya biya kuɗin asibiti, ya ba shi dubu ɗari, ya ce a rufe maganar. Kwana biyu sai ga yayan yaron, ya zauna gabana yana tambaya ko mun kai rahoto NSITF. Wallahi sai da na ce masa ina zuwa, na zaga bayan ofis na duba waya, kafin na san abin da yake nufi, ashe hukumar da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki ce. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau.

Na tara 'yan kuɗi. Wasu sun ce in yi jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararru kan kula da ma'aikata ta Najeriya, wasu sun ce in koma jami'a in yi mastas, wani abokina kuma ya ce satifiket na waje irin su SHRM ko CIPD ne ake yayi. Kuɗin ba za su kai biyu ba. Wanne zan fara?

Inna Fasonel:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariya da na karanta batun kabad, domin irinta aka ba ni shekaru da dama da suka wuce, tawa ma har da ɓera a ciki.

Amsar tambayarka a gajarce: CIPM. Ita ce cibiyar da doka ta ɗora wa tsara wannan sana'a a Najeriya, tun 1968 take, a 1992 aka yi mata dokarta. Mai digiri ana ɗauke masa wasu matakai gwargwadon abin da ya karanta, kana aikinka kana karatunka. SHRM ta Amurka ce, CIPD ta Ingila, da kuɗin waje ake biyansu, kuma babu wadda za ta koya maka yadda ake tura kuɗin fansho a ƙasar nan. Ka bar su sai ranar da kake neman aiki a ƙungiyoyin waje.

Sai dai kada ka zauna jiran satifiket. Gobe ka je ka sa a buga maka Dokar Ƙwadago, a haɗa maka ita kamar littafi, ba ta kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Sashe na 7 ya ce duk wanda ka ɗauka sai ka ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Ka ga mutum tamanin da ɗoriyar nan marasa fayil, kowannensu rami ne da ke jiran ƙafarka. Sashe na 11 kuwa ka haddace shi kamar lambar wayarka: wanda bai wuce wata uku ba notis ɗin kwana ɗaya, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu sati ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar sati biyu, biyar zuwa sama wata guda. Hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu. Mai jego sati shida kafin haihuwa, shida bayanta.

Fansho kuma, dokar 2014 ta ce kamfani kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ka bincika da kyau, domin abin da na fi gani shi ne a cire kashi 8 daga albashin mutum sannan a ƙi turawa. Ranar da asiri ya tonu kai za a nuna da yatsa, ba Alhaji ba.

Yanzu ga abin da babu jarrabawar da za ta koya maka. Ina sabuwa a aiki, maigidanmu ya fusata da wani direba, ya ce kada ya sake ganinsa a harabar kamfani. Na kira direban na faɗa masa da baki, na karɓe mukullin mota. Babu takardar tuhuma, ban ji ta bakinsa ba, babu notis. Shekararsa tara tare da mu. Ya tafi yana share hawaye da hularsa, wannan hoton bai bar idona ba. Da maganar ta kai gaban hukuma aka ce mu kawo fayil, abin da ke ciki takardar yabo ce guda biyu. Mun biya, kuma maigidan nan da ya ba da umarni shi ne ya dube ni ya ce, ke da aka ɗauka don wannan aikin me ya hana ki gaya mini?

Daga ranar na koyi yadda ake magana da masu gida. Kada ka shiga ofishin Alhaji kana cewa doka ta ce, doka ta ce. Ɗan kasuwa ne, lissafi yake ji. Ka rubuta masa a takarda ɗaya: ga abin da za mu biya duk wata idan mun yi rajista, ga abin da zai iya fita daga aljihunmu idan inji ya sake cin wani. Ka shiga lokacin da babu kowa, kada ka gyara masa magana a gaban yaransa. Ka bar masa takardar ka fito. Sau da yawa bayan kwana uku shi zai kira ka ya ba ka shawarar kamar daga kansa ta fito. Ka ce madalla Alhaji, ka je ka aiwatar.

Wata dabara: idan kamfaninku na biyan ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, kashi ɗaya na albashin shekara, suna mayar da har rabin kuɗin ga wanda ya horar da ma'aikatansa, muddin an bi ƙa'idarsu tun kafin a fara horon. Je ofishinsu ka tambaya. Ƙila ka samu wasu kwasa-kwasan ba daga aljihunka ba.

Lauyan Unguwa:

Hajiya ta gama magana, gyara biyu kawai zan ƙara.

Na farko, Dokar Ƙwadago ba kowa ta rufe ba. Leburori da ƙananan ma'aikatan ofis take nufi. Manajoji, injiniyoyi da akantoci abin da ke cikin kwantiraginsu ne ke aiki a kansu. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 duk rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta, tana da reshe a nan Kano. Kotun nan tana duba ko an yi wa mutum adalci, ba notis kaɗai ba. Zamanin kamfanina ne, na kore ka, ya fara wucewa.

Na biyu, malam, maganar yaron nan ta fi maganar satifiket ɗinka gaggawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani kashi ɗaya na jimillar albashin wata, a biya NSITF, kuma haramun ne a cire shi daga albashin ma'aikaci. Idan an ji rauni kamfani zai kai rahoto cikin kwana bakwai. Dubu ɗarin nan kyauta ce, ko yaron ya sa hannu ya ce ya yafe, dokar ba ta yarda da yafe diyya ba. Yayansa ya san abin da yake yi. Ku nemi lauya a satin nan.

Kwamared Bompai:

Ni ban yarda da inda kuka dosa ba. Shekarata goma sha bakwai a ƙungiyar ƙwadago, na zauna teburi da masu satifiket iri-iri, haruffa jere bayan suna kamar lambar mota. Yawancinsu ba su taɓa tsayawa minti goma kusa da inji ba. Ma'aikata na kiransu 'yan koren Alhaji, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Ɗan'uwa, ka ce da dare abin ya faru. Ka taɓa kwana a masana'antar? Ka je ƙarfe biyun dare ka gani da idonka. Ka duba ko murfin kariya na injin yana nan, ko an cire shi don aiki ya yi sauri. Ka tambayi yaron awa nawa ya yi a tsaye kafin hannunsa ya shiga. Ka ƙirga 'yan wucin gadi nawa ne suka shekara biyar ana biyansu kullum-kullum. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ku da kuka haura mutum ɗari babu ta inda za ku zille, to mutum nawa ne a cikinsu ke samun hakan? Ka fara sanin sunayen mutanenka kafin ka san sassan doka.

Inna Fasonel:

Kwamared, zafinka na nan yadda na san 'yan ƙungiya. Batun kwana a masana'anta gaskiyarka ce, ni ma sai da na yi. Amma Ɗan Sharaɗa idan ya ga murfin inji a cire, da me zai tunkari Alhaji in ba shi da doka da lissafi a hannu? Tausayi kaɗai korarsa zai sa a yi, a kawo ɗan ƙanwar Alhaji ya zauna a kujerar.

Maman Walid:

Ni bara na gama CIPM ina goyo, don haka za ka iya. Abu ɗaya da ba a ambata ba: ka koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, sosai. A intabiyu biyu da na je, kwamfuta aka turo mini aka ce in fitar da albashin mutum hamsin da haraji da fansho. Babu wanda ya tambaye ni ra'ayin wani masani. Mastas ka ajiye ta sai in koyarwa kake so ko aikin gwamnati. Kuma ka riƙa zuwa taron reshen CIPM na jiha, ni a can na ji labarin aikin da nake yi yanzu.

Ɗan Sharaɗa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na buga dokar, tana kan teburina. Kwamared, na kwana ranar Laraba. Murfin injin yana jingine a bango, an ɗora masa butar alwala. Yaron kuma tun ƙarfe takwas na safe yake aiki, ya karɓi na abokinsa da bai zo ba don ya samu kuɗin obataya. Na sa an mayar da murfin, shugaban 'yan dare yana ta gunaguni wai kayan da ake fitarwa za su ragu.

Takardar lissafin na ajiye wa Alhaji jiya bayan la'asar, bai ce komai ba, ya dai saka ta a aljihun gaba. Fayil na kai 88. Barista, don Allah in yi maka magana ta akwatin saƙo? Yayan yaron ya ce zai dawo ranar Litinin.