Da Hausa za a fara bayanin "concord" (daidaita suna da aikatau) ko da Turanci zalla?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Jiya na duba littattafan 'yan JSS 2, layi bayan layi "The boys plays ball" nake gani. Na kira wata yarinya na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malama, ai yaran suna da yawa, shi ya sa na ƙara wa aikatau s." Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba shirme ta yi ba. Mu muka koya mata s alamar jam'i ce, ba mu taɓa zaunar da ita mun ce a jikin aikatau alamar tilo ce ba. Ra'ayina shi ne da Hausa ya kamata a buɗe wannan darasin: yaro yana wasa, yarinya tana wasa, yara suna wasa. Ta ga cewa tun tana goye take daidaita suna da abin da ke biye da shi.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malama, ban yarda ba. Hausar ce ma ke kayar da su. Yaro ya ce a ransa "kuɗina sun ƙare", sai ya rubuta "my money are finished". Ya tuna "labarai", sai ya ce "the news are". Idan kika ƙara buɗe masa ƙofar kwatance, a zauren WAEC ma fassara zai riƙa yi. Turanci da Turanci ake koyonsa.

Malama Hadiza: To ai ka kawo min hujjata, Malam. Fassarar nan yana yin ta ko mun hana ko ba mu hana ba. Gara a fito da ita kan allo a ce masa: nan hanya ɗaya ce, nan kuma an rabu. "Kowa ya zo" muke cewa, ba "kowa sun zo" ba, kuma haka "everybody comes" yake. "Jama'a ta taru" da "jama'a sun taru" duk suna tafiya, kamar "the team is" da "the team are" a Turancin Ingila. "'Yan sanda sun iso" kuwa shi ne "the police have arrived". A wajen kuɗi da labarai sai a ja masa kunne.

Malam Issoufou: Daga Maraɗi nake bibiyarku. Namu ɗaliban sai sun sha Faransanci kafin su gamu da Turanci, kuma a Faransanci s ɗin jam'i galibi ba a furta shi. Sai su haɗiye na Turancin ma. Ni da Hausa nake warware musu, don ita ce duk muka haɗu a kai.

Baba Malam Garba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Shekaru na yi ina sa yara rera "he goes, she goes, they go" har a jiyo mu daga bakin titi. A jarrabawa su cike gurbi daidai, da an fita tara ka ji "he go". Tun 1974 binciken masana koyon harshe Dulay da Burt ya nuna wannan s ɗin na jikin aikatau yana cikin abubuwan da ke zama a bakin mai koyo a makare. Bayani da Hausa na minti biyar ba zai cuce su ba, Bashir. Amma Hadiza, kada ki zaci da sun gane an gama. Ki sa kowane yaro ya faɗi abin da mahaifiyarsa ke yi kullum da safe, jimla uku, da baki. "She sweeps, she cooks, she prays." Gobe kuma abin da iyayensa biyu ke yi, sai s ɗin ya fita.

Malam Bashir: Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma. Na baki na yarda da shi. Inda har yanzu nake tsoro shi ne minti biyar ɗin nan ya koma minti arba'in, don na sha shiga aji na tarar da darasin Turanci babu jimlar Turanci ko ɗaya daga bakin yaro. Malama, yara nawa ne a ajin naki?

Malama Hadiza: 78 ne. Zan raba su layi-layi, kowane layi da ranarsa. Litinin zan fara da na bakin taga, inda yarinyar nan take zama.