A taimaka da gaggawa: yaya za a ce "modelin" da "baikac" a shirin rediyo kan dabbobin teku?

'Yar Barnawa: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da hantsi za mu ɗauki shirin kimiyya na wannan mako, kuma batun shi ne yadda masana ke amfani da kwamfuta su gano inda manyan dabbobin teku suke zama, da inda za su koma idan ruwa ya yi ɗumi ko masunta suka matsa musu. Labarin kansa na gane shi. Akwai wani nau'in wel, wato ƙatuwar dabbar teku, a gabashin Amurka da Kanada, saura kamar 370 a duniya a ƙiyasin 2023. Tun wajen 2010 suka fara ƙaurace wa tekun Maine inda suka saba kiwo, domin ƙananan halittun da suke ci sun ragu bayan ruwan ya yi ɗumi. Suka nausa arewa, mashigin St Lawrence, inda ba wanda ya shirya wa zuwansu. A 2017 guda 12 suka mutu a ruwan Kanada, wasu jirgi ya banke, wasu igiyar tarkon ƙaguwa ta sarƙe. Kalmomi uku ne suka tsaya min a wuya: modelin, baikac (wato dabbar da ta faɗa ragar da ba don ita aka kafa ba), da sunan da zai haɗe wel da dolfin da danginsu. Ba na so in cika wa masu sauraro kunne da Turanci.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam Anti. Na ukun ai ba wahala, dabbobin teku masu shayarwa. Modelin kuma ki ce samfuri, ki wuce wurin.

Dakta na Unguwar Rimi: Samfuri ba zai yi ba, ƙanena. Wanda ya ji samfuri, ƙyallen yadi zai tuna, wanda ake yankowa a kai wa mai shago a ce irin wannan nake so. A nan ba yanki ake ɗebowa ba. Ga yadda aikin yake: jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama zai bi miƙaƙƙun layuka a kan teku, duk inda aka hango dabba a rubuta wurin da ranar. Wasu kuma na'urar sauraro suke nutsarwa ta ɗauki kukansu. Sai a ɗauko bayanan tauraron ɗan Adam, wato ɗumin saman ruwa da yawan koren da ke nuna akwai abinci, a haɗa da zurfi da nisa daga gaɓa. Kwamfuta ta gwama su, ta gano irin ruwan da aka fi samun dabbar a ciki, sannan ta yanka tekun gida-gida, ta ce wannan gidan akwai yiwuwar samunta sosai, wancan kaɗan, har da wuraren da jirgi bai taɓa leƙawa ba. Daga nan a ƙara ɗumin ruwan a cikin lissafin, a ga ina launin taswirar zai koma. Ba ƙidaya ba ce, ba kuma gani da ido ba. Irin abin da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke yi ne kan damina, kuma wannan kowa a rediyo hasashe yake ce masa. Ni dai shawarata: aikin a ce lissafin hasashe, abin da ya fito a ce taswirar hasashe.

'Yar Barnawa: Allah ya saka, Dakta. Wannan ya zauna min. Saura biyu.

Tsohon Edita: Kafin a ce saura biyu. "Dabbobin teku masu shayarwa" ba suna ba ne, jimla ce. Mai gabatarwa za ta faɗe shi sau nawa a cikin rabin awa kafin numfashinta ya ɗauke? Na daɗe da tanadin kalma ɗaya: shayaruwa. Shayarwa da ruwa. Jam'i shayaruwai. Hausa ba ta rasa wannan ginin ba, ga hana-salla, ga cika-ciki, ga gagara-badau.

Bakaniya: Allah ya ja kwana Baba, amma a hana-salla, sallar ce ake hanawa. A cika-ciki, cikin ne ake cikawa. To a shayaruwa me ake shayarwa? Ruwa ke nan. Ɗan garuwa ka raɗa wa suna, ba dabba ba.

Ɗan Tudun Wada: Wallahi da azumi aka sa shirin sai a ɗauka batun shan ruwa ake.

Tsohon Edita: Ku yi ta dariya. Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ake ƙera kalmomi, kuma da maimaici kunne ke sabawa. Majalisar Ɗinkin Duniya da kuke faɗa ba tare da tunani ba, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro. Yanzu kuma sai a kawo min "dolfin" da "wel" a ce Hausa ce. Abin da Hausar bariki ta jawo mana ke nan. A garin nan har "mace ne" za ka ji a bakin wanda ya ce shi ɗan jarida ne.

Ɗan Tudun Wada: Baba, a bar Kaduna ta huta. Rediyon garin nan ne ya kai Hausa har Gana da Kamaru da Cadi tun ana kama gajeren zango. Kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka ƙera mana, yau wa ke faɗa? Kai kanka kwamfuta kake cewa.

Bakaniya: Daidaitacciyar Hausa dai an san a kan wace aka gina ta. Ba sai na faɗa ba.

Malamin Kawo: Kun fara ke nan. In asali ake nema, Sakkwatawa ma suna da abin cewa, har yau bakinsu ya riƙe abubuwan da Kanawa suka zubar. Amma baiwar Allah nan aiki ne a gabanta. Wel ɗin, a wajen tafsiri kifi muke cewa, kifin Annabi Yunusa, Larabci kuma hutu. Me zai hana ta ce kifin wel?

Dakta na Unguwar Rimi: Allah gafarta Malam, a majalisin tafsiri ba ni da ta cewa. Amma a wannan shirin, idan ta ce kifi ta rushe darasin gaba ɗaya. Da huhu yake numfashi, dole ya taso sama ya shaƙi iska, haihuwa yake, nono yake bayarwa. Dalilin da raga ke kashe shi ke nan, nutsewa yake kamar yadda mutum zai nutse.

Tsohon Edita: To giwar teku. Wannan kam ba wanda zai ce ɗan garuwa ne.

Ɗan Yawuri a Kakuri: Ranka ya daɗe, giwan ruwa kifi ne, shi ake cin gasa da shi a Argungu. Duk masuncin da ya ji giwar teku, babban wansa zai ɗauka. Ni mamaki nake da aka yi ta zagaye ba a ambaci ayu ba. Muna da shi a Neja da Binuwai, har cikin tafkin Kainji. Ciyawa yake ci, yana leƙo da hanci ya shaƙi iska, macen tana shayar da ɗanta. Anti, ki fara da ayu, duk wanda ya tashi a bakin kogi zai gane, matan birni kuma ko ba su taɓa ganinsa ba sun san man ayu. Sai ki ce a teku akwai ire-irensa a wajen numfashi da shayarwa, wasu sun fi babbar mota girma.

'Yar Barnawa: Kai, madalla. Da ayu zan buɗe. Baikac fa? Ni na rubuta kamun tsautsayi.

Ɗan Yawuri a Kakuri: Tsautsayin wa? A gidanmu idan aka shimfiɗa kalli don kifi, da asuba aka tarar ayu ya sarƙe ya mutu, ba wanda ke kiran wannan tsautsayi. Rabo ne. Ga nama, ga mai, ga fata, kuɗin ya fi na kifin nesa ba kusa ba. Ba wai ina yabon abin ba ne, doka ta hana, kuma tsofaffinmu da kansu suna cewa ya yi ƙaranci. Amma in kika ce tsautsayi, masunci zai yi murmushi ya san ba ki san ruwa ba.

Dakta na Unguwar Rimi: Ya faɗi gaskiya, kuma haka abin yake a gaɓar Gana, inda dolfin da raga ta kama ake sayar da namansa ko a yanka shi a ɗana wa kifin shak. Ni kuma ƙin da nake wa kalmar ta wata fuska ce. Bahaushe in ya ce tsautsayi, ya rufe magana, abu ne da ba ya wuce ranarsa. Alhali duk wahalar lissafin nan don a nuna abin yana da wuri da lokaci ake yin ta. A ɗora taswirar dabba a kan taswirar inda ake zuba raga, inda suka haɗu nan ne za a yi ɓarna, kuma ana iya sani tun kafin a yi. Bayan mace-macen 2017 Kanada ta tilasta wa manyan jirage rage gudu a yankin, kuma idan aka hango wel sai a rufe kamun ƙaguwa a wannan wurin na ɗan lokaci. An ƙiyasta wel da dolfin da danginsu sama da 300,000 ke mutuwa a kayan su duk shekara. A Meziko akwai wata 'yar ƙarama cikin dangin dolfin, mai suna bakita, saura kamar 10, kuma ragar da ake kafa wa wani kifi mai suna totoba ce ta cinye su. Wannan ba ƙaddara za a kira shi ba.

Ɗan Tudun Wada: Kamun kuskure?

Ɗan Yawuri a Kakuri: Wani sa'in ba kuskure ba ne, an san yana bi ta wurin aka kafa.

Bakaniya: Kamun rakiya. Ba shi aka zo nema ba, ya dai rako kifin cikin raga. Bai wanke kowa ba, bai kuma tuhumi kowa ba.

Tsohon Edita: Rakiya da son rai ake yin ta. Ayu ne ya ce zai raka? Kun ƙi tawa saboda nahawu, ga taku ma'ana ta karkace, amma da yake daga Kano ta fito shiru kuke ji.

Bakaniya: Baba, ɗan rakiya ai wanda ba da shi ake yi ba ne. Ma'anar da na ɗauka ke nan.

Dakta na Unguwar Rimi: Bai cika ba, amma ya fi tsautsayi. In za a yi bayani a karon farko, na yarda. Ki kuma jawo labarin kusa da gida, Hajiya. Wel masu doro suna tasowa daga ruwan sanyi na kudancin duniya su zo mashigin Gini haihuwa, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Akwai kuma dolfin mai doro da babu shi ko'ina sai gaɓar yammacin Afirka, wanda tun 2017 aka sa shi a jerin masu gab da ƙarewa. Matsalarmu a nan ita ce ƙarancin bayanai. Kewaye teku da jirgi kuɗi ne, kuma inda ba a yi kewayen sosai ba, hasashen ma rauni yake yi.

'Yar Barnawa: To ga abin da zan karanta, a duba min: "Masana sun yi lissafin hasashe, suka fitar da taswirar da ke nuna inda aka fi tsammanin samun dabbobin teku masu shayarwa, ire-iren ayu a wajen numfashi, domin a rage kamun rakiya, wato faɗawarsu cikin ragar da aka kafa wa kifi." Wel da dolfin zan bar su haka, sai dai in ce dabbar wel, ba kifin wel ba. Baba, ka yi haƙuri, shayaruwa sai wani jiƙon.

Malamin Kawo: Dabbar wel ɗin nan ba ta yi min daɗi a kunne ba, amma a tafi da ita.

Tsohon Edita: Ban amince da rakiya ba, a rubuta ban amince ba. Lissafin hasashe ba laifi, ko da yake kintace ya fi dacewa da abin da ba a gani ba, hasashe kuma da abin da bai zo ba. Shayaruwa kuwa ina nan da ita, zan aika wa masu ƙamus na Jami'ar Bayero su duba. Kuma 'yata, in kin zo kan taswira ki ce "ita ce". Kada in kunna rediyo in ji "shi ne".

Dakta na Unguwar Rimi: Bambancin da Baba ya kawo na kintace da hasashe yana da kama, domin taswirar yau daban, ta shekaru masu zuwa daban. Amma kalma biyu a shiri ɗaya zai rikita mutane. Ki riƙe hasashe, sai dai kada "aka fi tsammanin" ɗin nan ya faɗi wajen tace shirin. In ya faɗi, jimlar ta koma cewa an je an gan su.